Kunnen da Aka Ce Ya Mutu

Asabar, 9 ga Yuli 1977, bayan la'asar

Ɗazu aka kawo Yaya Lawwali gida a bayan motar wani mai hatsi, kekensa a gefe, ƙafar gaba ta lanƙwashe. Daga gonarsa ta Dundaye yake dawowa. Ba zan rubuta abin da ya faru a hanya ba, don in na fara sai na karya alƙalamin nan. Abin da zan rubuta shi ne jini na fita daga kunnensa na hagu, kuncinsa ya tashi, shatin yatsu na kwance a kai kowa na gani. Wannan fa mutumin da ya haddace Alƙur'ani tun ban iya ɗaura wando ba.

Duk wanda ya shigo dubiya amsa ɗaya yake samu: da sauƙi. Inna ta ce da sauƙi, Delu matarsa ta ce da sauƙi. Duk gidan nan na Ƙofar Rini ni kaɗai ne ban ga sauƙin ba.

Lahadi, 10 ga Yuli, da hantsi

Na tsaya ta hagunsa na yi sallama, bai ko motsa ba. Na zagaya ta dama, ya amsa har yana tambayata ya yaran makaranta.

Litinin, 11 ga Yuli, bayan azahar

A aji yau na kasa koyar da komai. Na ba yara rubutu na zauna ina duban bango.

Azumi saura wata guda da 'yan kwanaki, kuma ba wanda ya isa ya ambaci wannan a gaban Yaya. Shekara da shekaru shi ke jan baƙi a tafsirin Malam Siddiƙu a masallacin unguwarmu. Ya karanto aya, Malam ya fassara, Malam na sauke numfashi shi kuma ya ɗauko ta gaba, ba mai duban wani. A daman Malam yake zama, wato kunnen hagun nan shi ke fuskantar bakin Malam. Malam kuwa ya tsufa, muryarsa ta yi ƙasa, kuma ya ce ba za a kawo masa lasifika masallaci ba yana raye. Rumfar yadin da Yaya ke da ita a kasuwa ta neman tuwo ce kawai. Wannan zaman na wata ɗaya shi ne rayuwarsa, sauran watannin jira yake yi.

Na ce zan kai ƙara barikin soja, tunda su suka mare shi. Inna ta riƙe mini riga tana roƙona da girman Allah. Yaya ya ce in bar wa Allah. Na ce na bar masa, amma zan je.

Talata, 12 ga Yuli, da yamma

Na je. Sun shanya ni a rana bakin ƙofa har inuwata ta shige ƙarƙashin ƙafata, sannan wani laftanan ya fito yana sakace. Ya ce su ba su da labarin wata mota tasu da ta bi hanyar Dundaye ranar Asabar. Motar da duk masu tallar nono na hanyar suka gani! Daga ƙarshe ya ce in kai shi asibiti jibi, zai zo ya gani da idonsa.

Ƙasa ta yi kuɗi, an ce. Ko'ina sabbin motoci, ko'ina kaki. Mai keke kuma ya nemi kwata ya shiga.

Alhamis, 14 ga Yuli, bayan la'asar

Mun je asibiti. Zan rubuta yadda aka yi daki-daki don kada gobe wani ya ce mini ba haka aka yi ba.

Likitan kunne ɗan Indiya ne, gajere, mai saurin hannu, layin marasa lafiya har waje. Mai taimaka masa Barnabas ne, wanda muka yi makarantar midil tare. Laftanan ya riga mu isa, ya jingina da taga ya rungume hannu. Muna shiga ya dubi Yaya sama da ƙasa, ya ce da Hausarsu ta bariki wai ya sha ganin masu ƙaryar kurumta don a ba su wani abu, yanzu kuwa za a gane. A daman Yaya yake tsaye, saboda haka babu kalmar da ta wuce shi. Na buɗe baki, Barnabas ya taka mini ƙafa.

Likita ya leƙa kunnen da 'yar fitila ya ce ba ya ganin komai, ramin ya kumbura, busasshen jini ya toshe shi. Sai ya ɗauko wani ƙarfe siriri mai kama da gwafa, ƙafa ɗaya baki biyu. Ya buga shi a gwiwar hannunsa, ƙarfen ya kama wani amo a hankali kamar kukan sauro. Ya kafa ƙafarsa a ƙashin bayan kunnen dama, sannan ya ɗauke ya kawo bakin ƙarfen daidai ramin kunnen. Ni ke fassarawa: ina ya fi ƙarfi, baya ko gaba? Yaya ya ce gaba. Likita ya ce haka lafiyayyen kunne yake. Aka koma hagu. A ƙashin baya ya ji, a gaban ramin bai ji komai ba.

Sai ya sake bugawa ya kafa masa a tsakiyar goshi, ya ce in tambaye shi ta wane kunne yake jin amon. Yaya ya yi shiru. Ya daɗe shiru har amon ya mutu aka sake bugawa. Ya ɗan kalli taga, sannan ya ɗaga hannu ya taɓa kunnen dama.

Likita ya ajiye ƙarfen ya ce mini ya yi baƙin ciki. Tunda amon goshi ya gudu dama, jijiyar ji ta hagu ta mutu. Wanda ya ji a bayan kunnen hagu ma ba hagun ne ya ji ba, ƙashin kai ne ya kai wa na dama. Duka mai ƙarfi kan yi haka, kuma ba allura ba aiki. Ya ce kada ruwa ko wani abu ya shiga, mu dawo in kumburin ya saɓe.

Na juya ga laftanan, a zatona yanzu zai sunkuyar da kai. Sai ya yi murmushi ya ce ashe shi ya sa. Kurma ne tun da can, shi ya sa bai ji ham ɗin mota ba, ya kamata iyalinsa su daina barinsa yana hawa titi. Ya sa hularsa ya fita.

A hanya Yaya ya tambaye ni me likita ya ce. Na faɗa masa a kunnen dama. Ya ce Alhamdulillahi.

Juma'a, 15 ga Yuli, da safe

Kurma tun da can. Kurma tun da can.

Lahadi, 17 ga Yuli, bayan azahar

Gidanmu ya zama kasuwar magani. Wannan ta kawo man shanu, waccan ruwan albasa, wani tsoho daga Ƙofar Marke ya kawo wani baƙin abu a kwalbar turare ya ce da shi kakansa ya buɗe kunnen wani basarake. Na shiga na tarar da Yaya kwance a kan tabarma, Inna na ɗura masa man shanu mai ɗumi da cokali, Delu na riƙe da fitila da rana tsaka don a ga rami.

Na ce likita ya hana. Inna ba ta ko ɗago ba.

“Ba kai kac ce likita ya ce kunnen ya mutu ba? To ina ruwa nai da abin da munka zuba ciki? Shi ya gama nashi, mu ma a bar mu mu yi namu.”

Na fita na bar musu ɗakin.

Laraba, 20 ga Yuli, da yamma

Na koma bariki. Ko bakin ƙofa ba a bar ni na tsaya ba.

Asabar, 23 ga Yuli, bayan la'asar

Kumburin ya saɓe. Na ce mu koma asibiti kamar yadda aka ce, Yaya ya ce ya koma ya yi me, a sake gaya masa abin da ya riga ya sani? Ya daina zuwa kasuwa, maƙwabcinsa ke buɗe masa rumfa. Ya daina karatun asuba da ke tashin rabin layinmu. Inna ta ce hutu yake.

Wani abu kuma da ke cina: maganarsa ta koma raɗa. Sai ka kai kunne bakinsa. Na ce ya ɗaga murya, ya dube ni da mamaki ya ce ai ihu yake yi. Kurame da na sani a garin nan duk ihu suke yi wa mutane, namu kuma ya zaɓi raɗa. Ko a kurumtar ma sai ya yi kawaici.

Litinin, 25 ga Yuli, bayan magariba

Dattawan masallaci sun zo dubiya, su da ba su zo ba ranar da jini ke zuba. Sun sha fura, sun yi addu'a, sannan ɗaya ya sako zancen Sule, ɗan ƙanen liman, wai ya dawo daga karatu, muryarsa kamar me. Ba su ce komai ba fa. Sun dai ce muryarsa kamar me, har sau nawa. Yaya ya ce Allah ya yi masa albarka, ya raka su ƙofa.

Ni na kwashe ƙoƙunan furar, don na ga in na ci gaba da zama zan yi abin da Inna za ta yi kuka.

Laraba, 27 ga Yuli, da hantsi

Kunnen ya fara ruwa, yana wari. An ce ciwon ne ke fita.

Juma'a, 29 ga Yuli, bayan sallar Juma'a

Delu ta tare ni a bakin madafa, ta yi ta juya muciya a tukunyar da babu komai ciki kafin ta yi magana. Ta roƙe ni kada in ce ita ta faɗa. Wai Yaya ya bar cin goro da ƙuli-ƙuli, don in yana tauna ƙarar cika masa mataccen kunnen take yi. Kuma abin da ya hana shi karatu ba rashin jin ba ne. Da ya ɗauko aya sai muryarsa ta taru a kunnen hagu tana rugugi kamar ya sa kai cikin tulu. Ya ce mata kunnen da ya mutu ba shi da dalilin jin komai, saboda haka ko dai kansa ne ya taɓu, ko kuma wani abu ya shiga ciki ya zauna.

“Tsoro shika ji, Garba,” in ji ta. “Ban taɓa ganin shina jin tsoro ba.”

Ban taɓa gani ba ni ma. Sun kashe masa kunne, yanzu kuma hankalinsa suke nema.

Litinin, 1 ga Agusta, da yamma

Na haɗu da Barnabas wajen masu gyaran keke, na je karɓo na Yaya. Ya tambayi jiki, ni kuma dama a cike nake, na zazzage masa komai, har da goron da tulun. Ya ce shi dai a ganinsa in zo in maimaita wa likita wannan da bakina, gobe kafin layi ya yi tsawo. Na ce likitan da ya gama yanke hukunci? Ya ce in dai zo.

Talata, 2 ga Agusta, bayan azahar

Na je kamar yadda Barnabas ya ce.

Na faɗa wa likita. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya sa na maimaita. Sannan ya ce in toshe kunnena na hagu da yatsa in yi gunji bakina a rufe. Na tsaya a gaban mutane, malamin makaranta guda, ina gunji kamar tattabara. Ya ce ta ina na fi ji? Ta hagu. Ta wanda na toshe.

Ya ce to haka abin yake. Rashin ji iri biyu ne. Akwai na hanya, wato ramin ya toshe ko dodon kunne ya fashe, amma can ciki lafiya lau. Akwai kuma na jijiya, wanda cikin ne ya lalace. In hanya ce ta samu matsala, amon da ya biyo ta ƙashi ya fi ƙarfi a kunnen da ke ciwo, don hayaniyar waje ba ta shiga ta dame shi. Shi ya sa irin wannan mutum ke jin taunarsa da muryarsa sun cika masa kai, har ya riƙa magana ƙasa-ƙasa yana zaton ihu yake. In kuwa jijiya ce ta mutu, amon sai ya tsallake zuwa lafiyayyen kunne. Ƙarfen goshin nan abin da yake tambaya ke nan. Da Yaya ya nuna hagu ran nan, da albishir zai yi mana: dodon kunne ne ya fashe, kuma yawanci da kansa yake haɗewa in an bar shi a bushe.

In an bar shi a bushe. Na tuna cokalin Inna.

Ya ce shi ma da laifinsa, ya kamata ya toshe na dama da ƙara ya sake gwadawa, amma layi ya yi yawa kuma amsar ta fito sarai. Ya ce mataccen kunne ba ya jin tauna, in kawo masa mutumin nan ko a kafaɗa ne.

Na zo gida da gudu na fizge kwalbar baƙin maganin daga hannun Inna na jefa ta bayan katanga. Ta ce na yi hauka. Wataƙila.

Laraba, 3 ga Agusta, da safe

Ya ƙi. Na yi masa bayanin hanya da jijiya, na sa shi ya ga ina toshe kunne ina gunji, ya saurara har na gama ya ce Allah ya saka da alheri, ba za shi ba. Na tambaye shi kai tsaye ta ina ya ji ƙarfen ran nan. Ya ɗauki buta ya ce lokacin walaha na wucewa.

Mutum ya fi son kunnensa ya ruɓe da ya amsa tambayar ƙanensa.

Alhamis, 4 ga Agusta, bayan la'asar

Na yi abin da ban taɓa yi ba, na kai ƙarar yayana wurin malaminsa. Malam Siddiƙu ya saurare ni ido a rufe, har na zaci barci ya ɗauke shi. Sai ya aika a kira Yaya. Da ya zo ya durƙusa, Malam ya sa shi ya juyo da kunnen dama, ya ce masa magana ɗaya: gobe shi tafi asibiti. Yaya ya ce to.

Ni na yi kwana biyu ina zuba kamar kanya ba a ji ba.

Juma'a, 5 ga Agusta, da yamma

Yau babu kowa a jikin taga. Daga likita sai Barnabas sai mu.

Aka buga ƙarfe aka kafa a bayan kunnen hagu, Barnabas kuma na murza takarda a kan na dama don kada ya taya shi ji. Ya ji. Aka sake, ya ji. Sannan aka kafa a goshi. Ban ma gama tambayar ba ya ɗaga hannu ya dafe kunnen hagu, ya bar hannun a wurin, kansa a ƙasa.

Likita ya ce in tambaye shi ko ran nan ma haka ya ji. Ban so in tambaya ba, amma na tambaya.

“Hagu naj ji shi, Garba. Tun ran nan hagu naj ji shi.”

Na ce to don me?

“Mutumen ga na tsaye, ya riga ya ce ƙarya nika yi. In ɗaga hannu in nuna kunnen da nac ce ba shi ji? Shi tahi shi ce mai jan baƙin Malam Siddiƙu maƙaryaci na? Ni kaina ban yarda da abin da naj ji ba. Na ɗauka kaina ka ruɗi na, sai nan nuna wanda hankali ka ɗauka.”

Ban fassara wa likita duka ba. Na ce masa tsoro ya ji, ya gyaɗa kai kamar ba yau ya fara gani ba. Ni kuwa na rasa wanda zan fara shaƙewa. Wanda ya ɗaga hannu a hanyar Dundaye, ko wanda ya jingina da taga, ko wannan bawan Allah da ya gwammace a binne kunnensa da rai da a ce ya yi ƙarya. Wanda ya gayyato mai jingina da tagar kuma, wato ni, ba zan yi maganarsa yau ba.

Likita ya share kunnen ya leƙa, ya daɗe yana leƙawa, ya tambayi me muka zuba. Na lissafa masa. Jijiya na da rai, ya ce, wannan babu shakka. Amma ƙaramar ɓular da za ta haɗe da kanta ta zama babba, mugunya ta ci gefenta. Za a yi allura, a sa auduga da basilin in zai yi alwala ko wanka. Ko za ta rufe, ba zai iya cewa ba sai ta bushe, kuma ba kafin salla ba.

Asabar, 6 ga Agusta, da yamma

Inna ta wuni a ɗaki ba ta ci abinci ba. Na je na ce mata ba laifinta ba ne, ni na kawo mata labarin mutuwar kunnen. Ta ce in fita.

Talata, 9 ga Agusta, bayan la'asar

Warin ya ragu. Yaya ya ci goro jiya, yana taunawa yana yamutsa fuska, amma ya daina kallon bayansa. Tunda ya san rugugin nan alamar rai ce ba ta aljani ba, fuskarsa ta sake.

Sai dai muryar na nan a ƙasa. Dattawa sun matsa, Malam ya ce a gwada a zaurensa. Zancen zama ba wuya, Malam da kansa ya ce Yaya ya koma hagunsa don kunnen dama ya fuskance shi, duk da ɗaya daga cikin dattawan ya yi ta gunaguni wai ba a taɓa yi ba. Aka fara. Yana jin Malam, yana ɗaukar aya a kan gaɓa, ko wasali bai kuskure ba. Amma ni da ke bakin ƙofar zaure ban ji abin da yake karantawa ba. Aka ce ya ɗaga, ya ɗaga kaɗan, aya biyu ya sake nutsewa. Zaure ke nan, ina ga masallaci da mutane har titi?

Dattawa suka dubi juna irin kallon nan na mun faɗa. Sule na zaune a gefe yana duban farcensa. Ba ni da abin da zan ce da yaron, bai mari kowa ba.

Malam ya ce a ba Yaya zuwa jajibirin azumi.

Alhamis, 11 ga Agusta, da yamma

Na gwada wani abu, ban sani ba ko wauta ce. In yara na karatu a aji suka yi ƙasa, ba na tsayar da su, tafin hannu nake ɗagawa su bi shi. Na zaunar da Yaya a ƙarshen tsakar gida, ni na koma bakin zaure, na ce ya manta da abin da kunnensa ke gaya masa ya dubi hannuna. In na ɗaga ya ɗaga, in na tsayar ya tsaya a nan.

Ya ce ba zai yi wa littafin Allah ihu ba. Na ce ba ihu ba ne, muryarsa ce ta da, shi ne kawai ba ya gane ta. Muka yi ta ja. Na ce masa sau ɗaya ya bi abin da hankali ya ɗauka, ga inda ya kai mu. Ban kyauta ba, na sani, amma ya zauna.

Da hannuna ya kai daidai kafaɗa, Delu ta fito daga madafa da ludayi a hannu ta tsaya. Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Shi kuwa gumi yake, jijiyar wuyansa ta tashi, idonsa a kan hannuna kamar mai tsallaka kogi a kan gungume.

Asabar, 13 ga Agusta, bayan azahar

Kullum muna yi. Kansa na ciwo bayan kowane zama. Ɗazu motocin sojan suka wuce ta bakin kasuwa suna ham, kowa ya dare. Ni ma na dare.

Litinin, 15 ga Agusta, ɗaya ga azumi, bayan shan ruwa

An ga wata jiya. Yau bayan la'asar aka buɗe tafsiri.

Na je da wuri na kama jikin ginshiƙin da ke tsakiyar masallaci, inda Yaya zai gan ni ba sai ya ɗaga kai sosai ba. Ya zauna a hagun Malam, auduga a kunne, rawani ya rufe ta. Sule na sahun gaba, dattawa sun ajiye shi kusa ko da za a buƙata. Mutane har bakin titi.

Yaya ya yi isti'aza, ko na sahun farko ba su ji ba. Na ga wani dattijo ya taɓa gwiwar Sule. Na ɗora hannu a kan gwiwata na fara ɗagawa. Ya gani. Ya rufe ido, ya buɗe, ya biyo. Na ƙara, ya ƙara. Sai ga ta, muryar da na tashi da ita tun ina yaro, ta bugi bango ta fita waje, har na ji masu hira a bakin titi sun yi tsit. Malam bai dube shi ba, ya dai ɗauki fassara kamar kullum. Sau da yawa ya nutse, sau da yawa na ɗago shi. Ban fahimci ko kalma ɗaya daga tafsirin yau ba, kuma kafaɗata kamar an sare ta.

Babu wanda aka kama, babu wanda ya ba da haƙuri, kuma likita bai yi mana alkawarin komai ba. Ban huce ba, kada wanda ya ga na yi shiru ya zaci na huce.

Muna dawowa na bi ta damansa. Da muka kusa gida ya tsaya ya kama hannuna, muryar ta koma raɗa.

“Garba, hwaɗa mani tsakaninka da Allah. Ban yi ma Malam ihu ba?”

Na ce bai yi ba, yadda ya saba haka ya karanta.

Ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce to, shi dai yanzu ba shi da yadda zai sani, sai abin da na ce. Ya ce gobe in riga shi zuwa.